Zauren Tambaya da Amsa: Me Ake Nufi da "Limber Up"?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Da fatan kana lafiya, ya iyali? Ni ɗalibi ne ɗan aji shida na sakandare, ina zaune a Gwammaja, kuma ina taɓa ƙwallo da yamma a filin Mahaha. Ranar Asabar muna gidan kallo ana wasan Firimiyar Ingila, sai aka hasko 'yan benci suna ta ɗaga ƙafa a bakin layi, mai sharhi ya ce, "The substitutes are limbering up." Nan take musu ya kaure. Wani ya ce ai warm up ce aka yi wa kwalliya. Wani ya ce a'a, ɗingishi ake nufi, wai ciwo suka ji. Da na koma gida na duba ƙamus ɗin waya, sai ga hoton wani keken doki yana jan igwa. Kaina ya ɗaure. Malam, ina gaskiyar take? Kuma in ta fito a WAEC yaya zan yi da ita?

Ɗalibinka daga Gwammaja

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, domin ka shiga gidan kallo ka fito da kalma a aljihu, ka kuma bi ta har gida. Haka ake koyon harshe.

Abokinka mai batun ɗingishi bai dace ba, amma na gane inda kunnensa ya zame. Akwai limp, ita ce ɗingishi. In ka ji an ce "He limped off the pitch," to ɗan wasa ne ya bar fili yana jan ƙafa. Limber kuwa daban take, har ma kusan kishiyarta ce. Waɗannan 'yan benci da ka gani lafiyarsu ƙalau, shirin shiga suke yi. Limber up na nufin mutum ya miƙe gaɓoɓinsa, ya lanƙwasa nan, ya juya can, don jijiyoyi su saki kafin ya shiga gudu ko wasa ko wani aikin ƙarfi. Da bakinmu sai mu ce suna warware jiki.

Tushenta siffa ce, limber, wadda ke cikin Ingilishi tun ƙarni na 16, kuma ma'anarta abin da ke lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba. In kana so ka riƙe ta yadda ba za ta kuɓuce maka ba, ka tuna fata. Busasshiyar fata da ba a taɓa ba, in ka naɗe ta sai ta yi ƙara ta tsage. Wadda ta bi ta hannun majema kuwa, irin wadda za ka gani a rataye a Kurmi, kana iya naɗe ta a tafin hannu ka sake ta, ba abin da zai same ta. Wannan ta biyun ita ce limber. Haka mai saƙar tabarma yake yayyafa wa kaba ruwa kafin ya fara aiki. Da Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗanyen iccen nan da Bature zai siffanta shi, limber zai ce. Saboda haka "She is still limber at sixty" na nufin tana da shekara sittin amma jikinta bai sage ba.

Tunda ka ambaci jarrabawa, tsaya a kan furucin, domin nan ne tarkon yake. Harafin b na limber ana faɗar sa: limba, da nauyin murya a gaɓar farko. Ka jera ta da number da member da September, waɗanda muka ara muka mai da su lamba da mamba da Satumba. Amma ga limb, wato hannu ko ƙafa, b ɗinta shiru take. Haka climb, thumb, lamb, comb da bomb. Biyun ƙarshen nan ma mun are su daidai, muna cewa kum da bam. A plumber ne muka tayar da b ɗin da Bature ya binne, muka ce fulamba, kuma ba laifi a Hausa, amma a takardar Test of Orals maki ne zai tafi. Ka dubi climber da limber da kyau. Harafi ɗaya tak ya raba su a rubuce, amma ta farko ba a jin b a cikinta, wasalin ma daban ne, ta biyu kuwa ana ji. Irin waɗannan tagwayen masu shirya tambaya suke so. Kada kuma ka haɗa ta da lumber, wadda a matsayin aikatau take nufin tafiya da nauyi, irin ta tirela mai lodin siminti tana hawa gada.

Da yake nauyin yana gaɓar farko, ba a ninka r a rubutu. Limbered, limbering, kamar offered da offering. Prefer ce ake ninka wa, preferred, saboda ita nauyinta yana ƙarshe. Na sha ganin limberred a takardun ɗalibai, kuma kusan kullum yaro mai ƙoƙari ne yake yin wannan kuskure, wanda ya san akwai doka amma bai san iyakarta ba.

Yawanci ita kaɗai take tsayawa ba tare da karɓau ba: "The runners limbered up," masu tsere sun warware jiki. In za ka faɗi abin da ake shiryawa, for take bi: "Pillars are limbering up for the second half," wato Masu Gida suna warware jiki don zagaye na biyu. In lokaci za ka nuna, sai before: "Limber up before you run." Tana kuma iya ɗaukar karɓau, a nan ne take rabuwa gida biyu. Kana iya cewa "Limber up your legs" ko "Limber your legs up," duka daidai ne. Amma da zarar wakilin suna ya shigo, dole ya zauna a tsakiya: "Limber them up." Ba a cewa "limber up them." Wannan doka ba ta limber up kaɗai ba ce, haka pick it up da turn it off suke.

Yanzu ga abin da na fi so ka ɗauka daga wannan amsa. Ɗalibai da yawa suna tsoron waɗannan aikatau masu jela, waɗanda littattafanku ke kira phrasal verbs, don suna ƙoƙarin fassara kowane ɓangare shi kaɗai. Sai yaro ya ce up ai sama ce, to me ya hau sama? Ba abin da ya hau. Mu ma muna da irinsu, mun saba ne kawai ba ma ganin su. Ka ɗauki ci: ci gaba, ci bashi, ci amana, ci jarrabawa, ci mutunci. Wane ne ya tauna wani abu a nan? Ka ɗauki sha: sha kaye, sha alwashi, sha iska, sha kunu. Baƙon da ya zo Kano yana koyon Hausa, in aka ce masa maigida ya sha kunu, zai nemi kofi da ludayi, alhali fuska ce aka murtuke. Kai ba ka taɓa rarraba sha kunu ba, a dunƙule ka haɗiye ta tun kana yaro. To haka za ka yi wa limber up.

Duk da haka up ɗin ba a banza take ba. A wurare da yawa aikinta shi ne nuna cewa abu ya kai maƙura. Hausa tana yin wannan da sauya ƙarshen aikatau: ci ya zama cinye, sha ya zama shanye. Bature ba shi da wannan dabara, sai ya liƙa up: eat up, cinye, drink up, shanye. A limber up ma haka ne, a yi ta lanƙwasa jiki har ya saki sarai, ya kai ga shiri. Ranar da na fara kawo wa aji misalin cinye da shanye, wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, to Malam ashe use up shi ne ƙarar da abu. Ban koya mata ba, da kanta ta hango.

Saura abokinka na farko, mai cewa warm up ce aka yi wa kwalliya. Yana da rabin gaskiya. A bakin masu sharhin wasanni sau da yawa ana musanya su, kuma warm up ta fi yawo nesa ba kusa ba. Limber up ta fi fitowa a jarida da littafi da bakin masu sharhi. Amma kowacce da inda ta sa ido. Warm up tana kallon ɗumi: a yi sassarfa, jini ya zaga, numfashi ya ƙaru, gumi ya fara tsattsafowa. Limber up tana kallon laushi: gwiwa, ƙugu, kafaɗa, wuya, idon sawu. Shi ya sa warm up take shiga inda limber up ba ta isa ba. Tuwon jiya da aka mayar kan wuta da safe, ɗumamen nan da muka tashi da shi, Bature zai ce "warm up the food." Direban da ya tayar da mota da asuba ya bar ta tana aiki kafin ya hau titi, "he is warming up the engine." Ba mai cewa limber up ga tuwo. Sannan warm up tana da suna, ana rubuta shi da karan ɗori a tsakiya, a warm-up, kamar a "a ten-minute warm-up." Aikatau ɗin ba karan ɗori, sunan ne mai karan ɗori. Ka kula da wannan a insha'i.

Ni ba a ƙamus na gama fahimtar bambancin nan ba, a ƙafata na fahimce shi. Wata shekara cikin Janairu, hunturu ya kankama, tsofaffin ɗalibaina suka gayyace ni wasan sada zumunci da safe a Filin Sukuwa. Na fito bayan sallar asuba, na hau adaidaita sahu, iska tana shiga ta ko'ina, har na isa ba na jin yatsun ƙafata. Hazo ya rufe fili, da ƙyar kake gane mai tsaron gidan can. Ina sauka na ɗora diddige a kan wani dakali, na danna gwiwa, na sunkuya da ƙarfi ina lilo, yadda aka koya mana a makaranta muna yara. Na yi wa ɗaya ƙafar haka. A ganina na gama shiri. Ba a yi minti biyar da take wasa ba aka zuro mini ƙwallo ta gefe, na zabura zan bi ta, sai na ji kamar an jefe ni da dutse a sha-raɓa. Har waiwayawa na yi in ga wanda ya yi jifan, ba kowa a bayana. Tsoka ce ta yage. Yara biyu suka tallafe ni zuwa bakin fili.

Sati uku ina sallah a kan kujera. Wannan ya fi ciwon kansa damuna, in ga sahu ya tafi sujada ni ina zaune. Likitan gashi da ya duba ni ya tambaye ni abin da na yi kafin wasa, na faɗa masa ina mai jin na yi daidai. Ya girgiza kai ya ce na ja tsoka tana sanyi, sannan na nemi ta yi gudu. Da na fara zagaya fili a hankali har jikina ya ɗauki ɗumi, in ji shi, sannan na miƙe gaɓoɓi, da wataƙila ban zo wurinsa ba. Ina kwance yana murza mini ƙafa na ce a raina, na yi limber up ban yi warm up ba. Tun daga ranar ban sake gaya wa ɗalibi cewa ɗaya suke ba tare da na ƙara bayani ba. Kai da kake buga ƙwallo a Mahaha, don Allah ka fara da ɗumin, sannan laushin.

Kalmar tana fita daga fili kuma. Mai kaɗa piyano ko mai buga na'ura yakan limber up yatsunsa, kamar yadda za ka ga makaɗin kalangu yana murza hannu yana gwada tsirkiya kafin biki ya ɗau zafi. In ka taɓa zuwa gidan dambe na Ado Bayero Square a Sabon Gari, ka ga ɗan dambe an gama naɗa masa zare, yana zagaya fage yana karkaɗa hannu yana juya kafaɗa ana yi masa kirari, to ka ga limbering up da idonka. Jaridun Ingila kuma suna son aron ta ga siyasa: "The parties are limbering up for the election." Ba wanda ya sa gajeren wando a nan. Mu sai mu ce jam'iyyu sun fara ɗaura ɗamara, ko suna wasa wuƙa. In ka haɗu da irin wannan a sashen fahimtar nassi, amsar da ake nema ita ce shiri, preparing.

Keken dokin da ka gani a waya ba kuskure ba ne. Akwai wata limber ta daban, suna ce, kuma ƙamusoshi suna jera ta a gida daban. A zamanin da dawakai ke jan manyan bindigogi a Turai da Amurka, igwa tana kan ƙafa biyu ne. Don a iya tafiya da ita, sai a maƙala wutsiyarta a bayan wani ɗan amalanke mai ƙafa biyu, wanda ke ɗauke da akwatin harsasai, shi kuma a ɗaura shi ga dawakai. Wannan ɗan amalanken shi ne limber. In hafsa ya ba da umarni "Limber up," yana nufin a haɗa igwa da amalankenta, za a tashi. Unlimber kuma a kwance ta a saita don harbi. In ka kalli jana'izar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a ranar 19 ga Satumba 2022, akwatin gawar yana kan keken igwa ne da sojojin ruwa suka ja da igiya, kuma ɗan ƙaramin keken da ke gaba shi ne limber ɗin. Wannan ma'ana a littattafan tarihin yaƙi za ka same ta. A jarrabawa, in aka ba ka "The athletes limbered ... before the race," cike gurbin da up. In makusanciyar ma'ana ake nema, duba loosened up ko stretched ko warmed up. In kishiya ce, stiffened. Allah ya ba da sa'a, ka gaishe da abokan musun naka.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina koyarwa a wata firamare a Ɗorayi, kuma ni ke fita da 'yan aji huɗu motsa jiki ranar Laraba. Na saba ce musu "Stretch up yourselves." Wata abokiyar aikina ta ce ba Turanci ba ne. Shin haka ne? Kuma wace kalmar Hausa ce ta fi dacewa in yi musu bayani da ita?

Malama daga Ɗorayi

AMSA: Malama, barka kadai, Allah ya saka da alheri kan wannan aiki. Fita da yara arba'in ko fiye cikin rana ba ƙaramin abu ba ne.

Abokiyar aikinki ta yi gaskiya a kan jimlar, ko da yake stretch up ɗin kanta tana nan. Ma'anarta a miƙa jiki sama, kamar mai son ɗauko abu a saman kabad: "Stretch up and touch the sky." In hannu kike so su ɗaga su yi ɗage, wannan daidai ne. Abin da ya ɓata taki shi ne yourselves da kika liƙa a baya, kuma na san daga ina ya zo: daga Hausa, inda muke cewa ku miƙe jikinku. Turanci ba ya buƙatarsa a nan. "Let's stretch" ta wadatar. "Let's limber up" ma daidai ce, kuma zan so yaran Ɗorayi su tashi da ita a bakinsu. Ki yi hattara da stretch out, domin sau da yawa tana nufin a miƙe a kwance: "He stretched out on the mat," ya miƙe a kan tabarma. In kika ba 'yan aji huɗu wannan umarni, wanda ya fi kowa jin Turanci shi zai fara kwanciya a ƙasa, kuma yana da hujja. Loosen up kuma tana da fuska biyu, ta jiki da ta zuciya. A fili tana nufin warware gaɓoɓi, a zaure kuma in aka ce wa baƙo "loosen up," ana nufin ya saki jiki, ya daina ɗari-ɗari.

Game da Hausa, na daɗe ina juya wannan. Miƙa ita ce ta fara zuwa baki, amma miƙa ta mai tashi daga barci ce, tana zuwa da hamma da salati, kuma ba a shirya ta. Motsa jiki ta yi faɗi, ta haɗa komai daga tafiya har ɗaga ƙarfe. Atisaye ta fi kama da na soja ko na ƙungiya, abin da 'yan ƙwallo ke kira tirenin. Ni dai a wurina warware jiki ta fi kusa da limber up, domin tana nuna akwai abin da ya ɗaure ana kwance shi. Ga warm up kuma ɗumama jiki. Ki gwada ce musu, mu fara ɗumama jiki, sannan mu warware shi, kina faɗin Turancin a gefe kowane mako. Kafin ƙarshen zango za ki ji suna faɗa da kansu.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata sittin da biyu. Likita ya ce in riƙa tafiya da safe saboda hawan jini. Ɗana ya saka mini wata manhaja a waya, kullum sai ta rubuto "Limber up for five minutes," in na gama kuma ta ce "Cool down." Shi yaron ya koma makaranta. Me take so in yi?

Alhaji daga Fagge

AMSA: Alhaji, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya, ya sa kaffara ne. Ni malamin harshe ne, saboda haka duk abin da likitanka ya ce shi ne gaba da nawa. Amma abin da wayar take faɗa, wannan zan iya warware maka.

Umarnin farko cewa take ka ɗauki minti biyar kana warware gaɓoɓi kafin ka kama tafiya sosai. Wanda ya yi shekaru yana wuni a zaune a shago, atamfa da shadda a gabansa, ƙugu da gwiwa su ne suke fara sagewa, don haka kada ka fito daga gida ka sunkuya kana neman taɓa yatsun ƙafa. Abin da masana motsa jiki suka fi ba da shawara a yanzu shi ne, kafin aiki a yi miƙar da ke tafe da motsi, wadda ake tsayawa cak a riƙe kuma a bar ta sai an gama. Ka fara da tafiya a hankali daga ƙofar gida zuwa bakin layi. Sannan ka tsaya ka juya kafaɗu gaba da baya, ka kaɗa hannuwa, ka dafa bango ka riƙa lilo da ƙafa ɗaya a hankali, ka sauya, ka ɗaga diddige ka sauke, ka juya idon sawu. Ba fizga, ba gaggawa. Ko manyan 'yan wasa haka suke yi. Tsarin shirin shiga fili da hukumar FIFA ta fitar a 2006, wanda ake kira 11+, minti ashirin ne, kuma da gudu a hankali yake farawa.

Cool down ita ce kishiyar warm up, wato a bar jiki ya huce sannu a hankali. Wasu, musamman a Ingila, suna cewa warm down, abu ɗaya ne. Ma'anarta kada ka yanke tafiya farat ɗaya ka zube a kujera. Ga mai shan maganin hawan jini wannan yana da muhimmanci, domin tsayawa kwatsam bayan an yi sauri yana iya kawo jiri. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato in ka yi rabin awa sau biyar ka cika. Amma ka tambayi likitanka daga nawa za ka fara, kuma in ka ji ciwon ƙirji ko numfashi ya sarƙe ko ganinka ya dushe, ka tsaya nan take ka nemi asibiti.

Ga yadda nake yin tawa tun bayan ciwon da na ba ɗalibin Gwammaja labari. In ya rage saura layi biyu in iso gida, sai in rage sauri har in koma tafiyar mai zuwa masallaci da wuri. Ina isowa sai in dafa katangar ƙofar gida da hannu biyu, in tura ƙafa ɗaya baya, diddige a ƙasa, gwiwa a miƙe, in karkata gaba har in ji sha-raɓa ta ɗan ja. Ja kawai, ba zafi ba. In ƙirga ashirin zuwa talatin ina numfashi yadda na saba, in sauya ƙafa. Da hunturu kuwa ba na fita sai rana ta ɗan leƙo, kuma da safa nake fita.